SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SAMUN WURIN SHIGA: WIWI DA LALACEWAR SAMARINMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya karrama ɗan Adam da hankali, Ya kuma rataya umarni da hani a kan wannan hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakunan iyaye a wannan zamani, wadda muke ganin lokaci ya yi da za a tsaya a auna ta da ma'aunin gaskiya. Duk sa'ad da aka kama wani saurayi da wuƙa a ƙugu, ko aka same shi da wayar da ya ƙwace, ko ya ɗaga murya ya zagi mahaifiyarsa a tsakar gida, sai ka ji uban ya yi ajiyar zuciya ya ce: "Wallahi yaron nan mai ladabi ne, wiwi ce ta lalata shi, miyagun abokai ne suka koya masa." Sai masu sauraro su gyaɗa kai, a yi Allah wadai da wiwi, a la'anci masu sayar da ita, a watse. Uba ya koma gida zuciyarsa ta yi sanyi, domin an ɗora laifin gaba ɗaya a kan ganye.

To mu muna cewa wannan magana rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka ɓoye shi ne ya fi nauyi. Wiwi haramun ce, kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar matashi, za mu kawo hujjojin haka. Amma a mafi yawan lokuta wiwi takan tarar da yaro ne ya riga ya fara karkacewa shekaru kafin ya taɓa zuƙarta, a gaban idon iyayensa da malamansa da maƙwabtansa, ba wanda ya tanka. Idan ta same shi a haka sai ta kama shi, ta ƙarasa abin da sakacinmu ya fara. Hausawa sun riga sun yanke hukuncin tun da daɗewa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

GIRMAN MUSIBAR

A farkon shekarar 2019 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, suka fitar da sakamakon wani babban bincike a kan shaye-shaye a Nijeriya. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, ban da masu shan giya da taba sigari. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suke sha, kuma ɗaya cikin kowane uku na masu shanta ya riga ya kamu, ba ya iya bari. Yankin Arewa maso Yamma yana da kimanin mutum miliyan 3. Jihar Kano kaɗai tana da fiye da miliyan ɗaya, wato kashi 16 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru. Waɗannan fa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, waɗanda aka yi wa huɗuba a kunne ranar haihuwa, aka yanka musu rago ranar suna.

Kada kuma wani ya ce rashin doka ne. Tun shekarar 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da ɗaurin shekara 10 ga mai shanta. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Shekara da shekaru ana ƙona gonakin wiwi a dazuzzukan Ondo da Edo, ana tare manyan motoci a kan hanyar Arewa, ana nuna buhuna a talabijin. A 2018 aka haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk wannan aiki ne mai kyau, muna kuma yaba wa masu yinsa. Sai dai bayan shekara hamsin da 'yan kai da kafa dokar kisa, masu sha suka kai miliyan goma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa muna ta jifan ƙadangare ne, alhali tsagar bangon tana nan, kullum ƙara faɗi take yi.

WANNE YA RIGA WANNE?

Kowace unguwa ta san irin wannan yaro, don haka ba ma buƙatar ambaton suna. Yana ɗan shekara bakwai ƙarya ta zauna masa a baki, cin zalin ƙanana ya zama wasansa, aka ce yarinta ce. Yana ɗan tara sai ya ɗauki jaka da safe ya nufi makaranta, ya ƙare a gidan kallo ko bakin kasuwa. Malamin aji ya aiko sau biyu, uban bai je ba, wai yana kasuwa. Yana ɗan goma sha ɗaya canjin cinikin mahaifiyarsa ya fara ɓacewa, ita kuma ta rufa masa asiri don kada kishiya ta ji ta yi dariya. Yana ɗan goma sha uku aka ce ya girma da kwana cikin gida, aka mayar da shi shagon ƙofar gida, wanda ƙofarsa ke kallon titi, inda ba mai sanin sa'ad da ya shiga ko sa'ad da ya fita, ko su wa yake kwana da su. Nan ya fara sigari. Yana ɗan goma sha biyar aka miƙa masa naɗin wiwi na farko. Sai a shekara ta goma sha bakwai, ranar da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa, uban ya farka ya ce wiwi ta lalata masa ɗa. Ina kake, Alhaji, a cikin shekaru takwas ɗin da suka gabaci naɗin farko?

Abin da muke gani da ido a unguwanni shi ne masu bincike suka tabbatar da ƙididdiga. Tun 1977 wasu masana biyu a Jami'ar Kolorado ta Amurka, Richard Jessor da Shirley Jessor, suka nuna cewa gudun makaranta da sata da faɗa da shaye-shaye da neman mata tun da ƙuruciya ba cututtuka ne daban-daban ba. Tare suke tafiya a jikin yaro guda, daga saiwa guda suke tsirowa. Wanda aka ga ɗaya a tare da shi, to a sa ido, sauran suna tafe.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta binciken da ake bin yara tun daga haihuwa har su manyanta, domin shi ne ke nuna abin da ya riga wani zuwa. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi yara 1,037 da aka haifa a tsakanin 1972 da 1973. A 2011 Farfesa Terrie Moffitt da abokan aikinta suka bayyana cewa yaran da aka ga suna da ƙarancin kamun kai tun suna tsakanin shekara 3 da 11, wato masu gaggawa da rashin haƙuri da kasa danne zuciya, su ne suka fi faɗawa cikin kamuwa da shaye-shaye da aikata laifuka da suka kai shekara 32, ko da an yi la'akari da bambancin arzikin iyaye da kaifin basira. A wani garin na ƙasar, Christchurch, an bi yara 1,265 da aka haifa a 1977, aka kuma samu cewa miyagun halayen da yaro ya nuna yana ɗan shekara 7 zuwa 9 suna ishara zuwa ga shaye-shayensa da laifukansa bayan ya girma. Yaron shekara takwas bai san wiwi ba. Amma hanyar da za ta kai shi gare ta an riga an share.

Dalilin haka a fili yake. Yaron da ya gagara a aji, yaran kirki gudunsa suke yi, iyayensu kuma suna hana su tafiya da shi. Malamai su gaji su kore shi. A gida ba ya jin komai sai zagi da tsinuwa. Saura wa zai karɓe shi? Sai irinsa, waɗanda aka kora kamar yadda aka kore shi, suna zaune a kango ko bayan maƙabarta, kuma a can wiwi take. Saboda haka uban da ke cewa abokai ne suka ɓata masa ɗa, ya sani cewa iyayen waɗancan abokai ma haka suke faɗa game da nasa ɗan.

ABIN DA WIWI KE ƘARAWA

Kada wani ya fahimci cewa tun da lalacewa ta riga wiwi zuwa, to wiwi ba ta da laifi. Wannan ɓata ne da ya fi na farko muni. Yara da yawa sukan yi ƙiriniya da rashin ji a shekarun balaga, daga baya hankali ya zo musu, su kama sana'a, su yi aure, su zama mutanen kirki. Babban ta'addancin wiwi shi ne takan toshe wannan hanya ta komowa.

Likitoci sun tabbatar cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da auna abu kafin aikata shi da danne son zuciya, ba ya gama ginuwa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, wanda ake kira THC, yana raunana riƙe karatu da tattara hankali, yana kuma shiga cikin wannan gini tun bai bushe ba. Shi ya sa a cikin masu taɓa wiwi gaba ɗaya kimanin ɗaya cikin goma ne ke kamuwa, amma a cikin waɗanda suka fara tun suna samari abin yakan kai ɗaya cikin shida.

A 2014 an haɗa sakamakon manyan bincike uku daga Ostireliya da Niyu Zilan, aka kuma cire tasirin abubuwa da dama kamar talaucin gida da halayen yarinta, don a ga abin da ya rage na wiwi ita kanta. Aka samu cewa masu shanta kullum kafin shekara 17 damarsu ta kammala sakandare ta ragu da fiye da kashi 60 cikin ɗari, haɗarin yunƙurin kashe kai kuma ya kusa ninka bakwai. Game da taɓin hankali kuwa, tun 1987 wani bincike a kan samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja a Suwidin ya nuna cewa waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin kamuwa da ciwon hauka mai tsanani har ninki shida a cikin shekara 15. A 2019 wani binciken da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil ya samu cewa mai sha kullum haɗarinsa ya ninka uku, idan kuwa mai ƙarfin yake sha ya kusa ninka biyar. Mu da ke ganin samari suna yawo a bola da tsumma ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi.

Amanar ilimi ta wajabta mana faɗin wani abu a nan. Binciken Dunedin ya nuna a 2012 cewa waɗanda suka fara tun suna samari suka kuma ɗore sun yi asarar har maki 8 a ma'aunin kaifin basira da suka kai shekara 38. Amma a 2016 wani binciken da aka yi a kan tagwaye a Amurka ya samu cewa tagwai mai sha bai fi ɗan'uwansa da ba ya sha raguwa ba, abin da ke nuna cewa wani kaso na raunin daga gidan da suka tashi yake. Masu son wiwi sun yi ta murna da wannan sakamako. Mu kuwa muna ganin ya ƙara ƙarfafa maganarmu ne: ko ta ina aka biyo, sai an komo kan gida.

Sai kuma abin da ke biyo bayan kamuwa. Wiwi kuɗi take ci, yaron da aka kora daga makaranta kuwa ba shi da sana'a, don haka sai ya fara da tukunyar uwarsa da ƙarfen maƙwabta, ya ƙare da ƙwacen waya. Idan ya rasa ta sai fushi da rashin barci da ƙin abinci su taso masa, wani lokaci har mako biyu, a nan ne yake zare wa mahaifiyarsa ido. Kuma wanda ke sayar masa da wiwi shi ne ke da ƙwaya da tiramol da sholisho, majalisar da ake sha kuma ita ce dabar da ake rabon makamai. Ta haka halin banza ke kai yaro ga wiwi, wiwi ta mayar da shi ga halin da ya fi na farko muni, abu ya yi ta juyawa har sai gidan yari ko asibitin ƙwaƙwalwa ko kabari ya raba.

SHUBUHAR MASU CEWA GANYE NE KAWAI

A 'yan shekarun nan an samu wasu masu jin kansu wayayyu da ke yaɗa shubuha a kafafen sadarwa da majalisun samari, kuma wajibi ne a ba su amsa.

Suna cewa ganye ne, Allah ne Ya tsirar da shi. To zaƙami ma Allah ne Ya tsirar da shi, haka tinya. Burkutu ma daga dawa ake yinsa. Kasancewar abu halittar Allah bai taɓa zama hujjar halaccin cinsa ko shansa ba.

Suna cewa ba a ambaci sunanta a nassi ba. Wannan jahilci ne da usulin shari'a, domin hukuncin yana bin gusar da hankali ne, ko da wane suna aka kira abin, kuma kare hankali yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Wiwi ba baƙuwa ce ga malamai ba. Tun da ta yaɗu a ƙasashen Musulmi da sunan hashish suka yi magana a kanta. Shaikhul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa a yi wa mai shanta haddin mashayin giya. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684, ya sanya ta cikin abubuwa masu ɓata hankali, ya ce ladabtarwa za a yi, ba haddi ba. Imam al-Zarkashi na Shafi'iyya ya wallafa littafi sukutum a kan haramcinta. Saɓaninsu a kan nau'in hukunci ne kawai. Babu wanda ya halatta buguwa da ita.

Suna cewa Turawa da suka fi mu ilimi sun halatta. Gaskiya ne jihohin Kolorado da Washinton na Amurka sun halatta a 2012, Yurugwai a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024. Halal da haram ba a majalisun waɗannan ƙasashe muke karɓarsu ba. Amma ko a kan ma'auninsu, me ya sa masu wannan hujja ba sa ƙarasa labarin? Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta yarda a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, a jihohin Amurka ma sai 21. Wato hatta waɗanda suka halatta sun yi ittifaƙi da mu a kan cewa guba ce ga matashi. Ƙasar Tailan da ta sake wa wiwi mara a 2022 ta komo a 2025 ta ce sai da takardar likita. Sannan wiwin yau ba ta jiya ba ce: a Amurka ƙarfin THC a cikin wadda ake kamawa ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin 12 a 2014, kuma irin waɗannan masu ƙarfi, da ake kira Loud da makamantansu, sun riga sun shigo kasuwanninmu.

Suna cewa magani ce. Lalle an tace wasu magunguna daga wannan tsiro, har Amurka ta amince da ɗaya don wasu nau'o'in farfaɗiya a 2018. Amma tsakanin maganin da likita ya auna ya ba majinyaci da naɗin da ɗan shekara goma sha biyar ke zuƙa a kango akwai tazara irin ta sama da ƙasa.

MASU CIN RIBAR TSAGAR BANGO

Akwai kuma waɗanda lalacewar samari jari ce a gare su. 'Yan daba a Kano, kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ƙauraye a Katsina: sunaye ne daban-daban na yaro guda, wanda gida ya saki, makaranta ta kora, ɗan siyasa ya tsinta. Tun 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan siyasa ke ɗaukar nauyin irin waɗannan ƙungiyoyi, ciki har da kalare. Kowa ya san abin da ake rabawa a bayan motocin kamfe. Mai rabon kuwa nasa 'ya'yan suna makarantun kuɗi, wasu a ƙasashen waje. Idan zaɓe ya wuce sai ya hau mumbarin taro ya yi kukan lalacewar tarbiyya. Muna tunatar da shi cewa akwai ranar da za a tambaye shi game da kowane naɗi da kuɗinsa ya saya, da kowane jini da aka zubar da wuƙar da ya raba. Muna kuma tunatar da kanmu cewa wanda ya san wannan hali nasa ya kuma ba shi ƙuri'a saboda taliya da atamfa, yana da kamasho a cikin zunubin.

MARI BA MAGANI BA NE

Idan abu ya ɓaci, iyaye da yawa sukan bi ɗaya daga hanyoyi biyu, duka kuwa gudun nauyi ne. Wasu su ce sammu aka yi wa yaro, ko kishiya ce ta sa masa hannu, su kwashi kuɗi su kai wa boka, su ƙara shirka a kan musiba. Wasu kuma su ɗaure shi su kai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo aka buɗe wani a Daura. Duniya ta gani, aka kuma jingina abin ga Musulunci, alhali Musulunci ya barranta daga azabtar da bayin Allah da yunwa da sarƙa. Yaron da rashin kulawa da duka suka fara lalatawa, ta yaya ƙarin duka zai gyara shi? Sau nawa muka ga wanda aka kai mari yana shan wiwi kaɗai ya fito ya san dilolin gari duka? Wanda ya kamu mara lafiya ne mai buƙatar likita tare da nasiha da addu'a. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma kai ɗa can ba abin kunya ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Kada a ce abin ya fi ƙarfin gyara. A 1998, a ƙasar Aisilan da ke arewacin Turai, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun bugu da giya a cikin wata guda, kashi 17 sun taɓa shan wiwi. Zuwa 2016 na farko ya sauko zuwa kashi 5, na biyu zuwa kashi 7. Me suka yi? Sun hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare bayan ƙarfe 10 a lokacin sanyi. Iyaye sun yi alkawari a rubuce cewa za su riƙa zama da 'ya'yansu, su san abokansu, su san inda suke. Hukuma ta zuba kuɗi a wasanni don cike lokacin yara bayan makaranta. Wato bangon suka liƙe. Abin kunya ne a ce mutanen da ba su da Alƙur'ani sun riga mu aiki da abin da addininmu ya ɗora mana tun ƙarni goma sha huɗu.

Saboda haka muna kira, da farko ga iyaye maza. Ciyarwa da tufatarwa ba su ne ƙarshen haƙƙin ɗa ba. Uban da bai san ajin da ɗansa yake ba, bai san sunayen abokansa uku ba, bai san inda yake bayan sallar Isha'i ba, ya ci amanar kiwon da aka ba shi, ko da kuwa a sahun farko yake salla. A rufe ƙofar shagon da ke kallon titi. A rage zaman majalisa har tsakar dare. Wanda ya saki mace ya tuna cewa bai saki 'ya'yanta ba. Wanda kuma ya tura ɗan shekara shida wani gari da allo ba guzuri, ba ziyara, ya sani cewa titi ya ba wa riƙo.

Ga iyaye mata: rufa wa yaro asirin satar farko ba ƙauna ba ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma a daina tsine wa 'ya'ya, domin bakin uwa ba abin wasa ba ne.

Ga malaman makarantu, na boko da na Islamiyya: korar yaro mai rashin ji ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce ke miƙa shi kai tsaye ga daba. A ƙasar da UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara kimanin miliyan 20 ba sa makaranta, ƙara ko da ɗaya a kansu laifi ne. A kira uban, a je gidan, a sa wani babba ya riƙe yaron.

Daga ƙarshe ga kanmu. Mun gina masallatai, mun cika filaye da wa'azi, amma idan saurayi mai jan ido da warin hayaƙi ya shigo sahu sai mu matsa, mu riƙe takalmanmu, mu bi shi da harara har ya fita bai sake dawowa ba. Mai sayar da wiwi kuwa da fara'a yake tarbarsa, ya san sunansa, har bashi yake ba shi. Ya kamata kowane masallacin unguwa ya kafa kwamiti na dattawa da matasa da zai san yaran da suka fara gudun makaranta, da marayu da 'ya'yan zawarawa, ya bi su tun suna shekara takwas da tara, ya haɗa waɗanda suka tasa da masu sana'a, ya kuma tsaya tare da hukuma wajen tona asirin dilolin da kowa ya san gidajensu. Da can ɗa na kowa ne. Ranar da muka mayar da shi na ubansa kaɗai, uban kuma ya bar wa titi, ranar ce bango ya tsage.

Muna roƙon Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba waɗanda suka kamu lafiya da tuba ingantacciya, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da za a tambaye mu a kanta.